Muhawara a zauren injiniyoyi: mara waya zai iya riƙe inji?

Dattijon Lantarki: Salamu alaikum 'yan zaure. Abin nan ya ishe ni. Dillalan kaya sun dage sai a cire kebul a sa rediyo tsakanin PLC (kwamfutar da ke sarrafa injuna) da injuna, wai saboda ɓarayin tagulla da ɓeraye. Ni dai na faɗa, inji mai motsi ba a ɗora shi kan iska, domin mara waya ba ya amsawa nan take. Wanda ya musa ya kawo hujja.

Mai Sensa: Wa alaikumus salam Baba. "Nan take" ɗin nan milisakan (ɗaya bisa dubu na sakan) nawa ne? Tankin da ke ɗaukar minti 20 kafin ya cika, in ana karanta matakinsa duk sakan 4, ai a wurinsa nan take ne.

Ɗan Sabo: A'a Yaya, kar a lanƙwasa magana. Motocin lantarki biyu masu tafiya tare a injin cika kwalba, zagayen aika musu saƙo milisakan 1 ne ko ƙasa da haka, a kan hanyoyin sadarwa na kebul irin su EtherCAT ko PROFINET IRT. WirelessHART kuwa, tsarin mara waya na na'urorin awo, gurbin aika saƙo ɗaya kawai milisakan 10 ne. In saƙon ya ratsa na'ura uku kafin ya isa, ko ya faɗi aka maimaita, yi lissafin da kanka.

Mai Sensa: Wa ya ce a sa WirelessHART a wannan aikin? Tun fitowarsa a 2007 don awon zafi da matsi da matakin ruwa aka yi shi. Ga wani tsarin mara waya nan, IO-Link Wireless, zagayensa milisakan 5, uwar na'ura ɗaya tana ɗaukar ƙananan na'urori har 40.

Ɗan Sabo: Biyar ba ɗaya ba ce.

Hajiya Kwantirol: Kun bar jaki kuna dukan taiki. Jinkirin da bai canzawa da sauƙi, in milisakan 50 ne kullum sai a sassauta saitin PID (lissafin da PLC ke yi don daidaita bawul da awo) a zauna lafiya. Mugun shi ne wanda yanzu 20, an jima 300. Saƙo ya ɓace, PLC na riƙe da tsohon awo, ɓangaren I na PID, mai tara kuskuren awo, na ta tarawa, bawul ya wuce inda ya kamata, sai ya fara kai da komo. Maganinsa: kowane awo ya zo da lokacinsa, kar a sabunta lissafi sai sabon awo ya iso, in kuma shiru ya wuce iyaka bawul ya koma matsayin da ba haɗari.

Dattijon Lantarki: Hajiya, duk wannan a takarda ne. Kunna VFD (na'urar sarrafa gudun moto) mai kilowat 75 kusa da rediyon ki gani.

Hajiya Kwantirol: Ranka ya daɗe, hayaniyar VFD tana can ƙasa nesa da gigahaz 2.4 da rediyon ke aiki a kai. Kebul ɗin awo na 4 zuwa 20 mA da aka shimfiɗa a tire ɗaya da na moto shi ya fi jin jiki. Abin da ke cutar rediyo shi ne tankunan ƙarfe da ke tare hanya, da Wi-Fi na ofis. A tsayar da Wi-Fi a tasha 1, 6 da 11, kuma kowace sensa (na'urar awo) ta samu maƙwabta aƙalla uku da za ta iya miƙa wa saƙo.

Ɗan Sabo: Wannan ƙa'idar maƙwabta uku ta kamfanin Emerson ce. Mu 'yan Siemens ba da ita muke aiki ba.

Mai Sensa: To Siemens ɗin naka ba ya sayar da na'urorin mara waya na SCALANCE W? Ba PROFIsafe, tsarin saƙonnin kariya daga haɗari, ake bi da shi ta rediyo zuwa injin ɗaga kaya ba? In saƙo bai iso cikin wa'adin da aka saita ba, inji ya tsaya da kansa.

Ɗan Sabo: Ya tsaya sau goma a yini, mai masana'anta ya kira ka ya gode maka?

Dattijon Lantarki: Yaran yanzu ba ku taɓa jan kebul mita 500 cikin rana ba, shi ya sa.

Mai Sensa: Baba, da girmanka, shekaru ba hujja ba ne.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, a mutunta manya. Abin da aka cimma: kebul shi ne abin dogaro, mara waya sai dai duba awo daga nesa, kamar yadda Baba ya faɗa tun farko. An rufe.

Hajiya Kwantirol: Shugaba, ba a cimma wannan ba. Ka tsallake maganar PROFIsafe gaba ɗaya, kuma har yanzu Baba bai faɗi milisakan nawa yake nufi ba.