Ina iyakar sirantakar sandunan ƙarfe da ake tsirar da su daga tururi?

Ɗalibar Fiziks: Assalamu alaikum, malamai. Na fahimci cewa idan aka turo tururin ƙarfe kan faranti a karkace sosai, kamar digiri 85, tudun da ya riga tsira yakan yi wa bayansa inuwa, don haka sanduna ke tashi maimakon shimfiɗa guda. Tambayata ita ce: akwai lissafin da zai faɗi mafi ƙarancin kaurin sandar tun kafin a kunna na'ura?

Malamin Kimiyyar Ƙarafa: Wa alaikumus salam. Akwai shi, kuma Hanchen Huang da abokan aikinsa ne suka fitar da shi a mujallar Physical Review Letters a 2013. Inuwa kaɗai ba ta yanke kauri. Abin da ke yanke shi shi ne wahalar da ƙwayar zarra ke sha wajen gangarowa daga saman sandar zuwa gefenta. A kan jan ƙarfe, saukowa daga matakala mai hawa ɗaya na ƙwayoyin zarra na buƙatar kuzarin kimanin eV 0.16 (eV ƙaramin ma'aunin kuzari ne), amma idan matakalai suka cure suka zama gangara mai hawa da yawa, kuzarin da ake buƙata yakan kai kimanin eV 0.40, sai ƙwayoyin su tsaya a sama, sandar ta yi tsawo ba ta yi ƙiba ba. Da jagorancin lissafin suka samu sanduna masu kaurin nanomita 10 ko kusa da haka (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita).

Mai Gwaji: Malam ya yi bayani, amma 'yar'uwa, kada ki dogara da ƙara saurin zubo tururi. Kaurin yana bin saiwa ta biyar ce ta rabon saurin gangarowa da saurin zubowa, wato sai kin ninka zubowar sau 32 kafin kaurin ya ragu da rabi. Sanyaya farantin ya fi tasiri nesa ba kusa ba, domin gangarowar takan ragu ƙwarai da zarar zafi ya sauka.

Malamin Kimiyyar Ƙarafa: Haka ne, sai dai sanyi da saurin zubowa suna sa tsiron farko ya yi cunkoso, kuma idan tazarar da ke tsakaninsu ta gaza kaurin da lissafi ya bayar, sandunan za su manne su koma shimfiɗa. Ki lissafa tazarar ita ma, ki zaɓi farantin da ƙarfen ba ya saurin bajewa a kansa.