Agarata ta hana ni sakat tun da na fara gudu

Dan_Sassarfa:
Slm 'yan uwa don Allah a taimaka da shawara. Wata 2 kenan da na fara gudun safe, zumuɗi ya sa na ninka nisan cikin sati ɗaya, to tun lokacin bayan dunduniyata ta dama wajen agara ke min ciwo. In na sauko daga gado takun farko kamar an ɗaure ƙafar, in na ɗan zazzaga ya saki, da yamma ya dawo. Na huta sati 2 ya lafa, ina komawa gudu ya ce ga ni nan. Targaɗe ne ko me?

Anti_Fisiyo:
Wslm ƙanena, ba targaɗe ba ne, targaɗe a gaɓa yake. Wannan jijiyar da ke haɗa tsokar bayan ƙwauri da ƙashin dunduniya ce ka ɗora wa kayan da ba ta saba ba. Irin waɗannan jijiyoyin jini kaɗan ke isa gare su shi ya sa warkewarsu ke da nawa, kuma in ciwon ya daɗe yawanci ba kumburi ba ne, zaren kolajin (furotin ɗin da ya gina jijiyar) ne ya raunana, don haka hutu zalla ba ya gyarawa. Rage gudun, in ya motsa ka sa ƙanƙara a tsumma minti 15. Babban maganin atisaye ne: ka tsaya bakin matakala, ka ɗaga kan yatsun ƙafafunka duka biyu sai ka sauke dunduniyar mai ciwon ita kaɗai a hankali, sau 15 zagaye 3, safe da yamma, har sati 12. Eh sati 12, a nan mutane ke gajiya su watsar. Amma ka bari a duba ka tukuna.

Baba_Mai_Ritaya:
Yaro ka ji maganarta. Ni tawa tsinkewa ta yi ina wasan ƙwallo da jikoki, na ji ƙas kamar an harbe ni ta baya, na waiga ba kowa, tsayuwa kan yatsu ta gagara. Sai da aka ɗinke. Likita ya tambaye ni ko na sha sipro (siprofuloksasin, maganin kashe ƙwayoyin cuta) kwanan nan, ashe shi da danginsa suna ƙara haɗarin tsinkewa musamman ga wanda ya haura 60 ko mai shan sitiroyid (maganin rage kumburi). Kuma kar ka nemi allurar sitiroyid a agara don sauƙin kwana biyu.

Maman_Biyu:
Ni kuma a gindin babban yatsan hannu ciwon jijiya ya kama ni bayan haihuwa, wai rigar jijiyar ce ta kumbura saboda yawan ɗaga jariri, maɗaurin hannu aka ba ni ya yi sauƙi. Kana da suga? Shi ma yana ƙara jawo irin wannan ciwon wlh.

Dan_Sassarfa:
Na gode ƙwarai, ba ni da suga Maman Biyu. Anti keke fa, zan iya hawa kafin nan?

Anti_Fisiyo:
Hau abinka, in dai washegari da safe bai fi na jiya ciwo ba.