Me za mu kira "pro bono" da Hausa?

1/ Jama'a, lauyoyinmu na Gusau in suna shiri a rediyo sai ka ji sun ce "pro bono", su wuce abinsu, mai sauraro a Maru ko Tsafe bai san da shi ake ba. Kalmar ma ba Turanci ba ce, Latin ce, guntun "pro bono publico", wato don amfanin jama'a. Lauya ne mai zaman kansa zai tsaya wa mutum a kotu bai karɓi ko sisi ba.

2/ Da na jefa tambayar, yawanci "lauyan kyauta" aka ce. Ban yarda ba. Hukumar Legal Aid Council da aka kafa a 1976 ita ma kyauta take kare marasa hali, amma lauyoyinta albashin gwamnati suke ci. Wanda muke magana a kansa, man motarsa daga aljihunsa ya fito. Sannan Bahaushe in ya ji "na kyauta" sai ya fara zargin ingancinsa.

3/ Wani ɗan'uwa daga Kano ya kawo "lauyan sa-kai". A Kano ƙila ta zauna. A Zamfara kuwa, Malam, rufa mana asiri! Nan in ka ce sa-kai, mutum mai bindiga da layu ake gani. Ka tsaya a kasuwar Shinkafi ka ce ga lauyan sa-kai, kowa zai ɗauka lauyan 'yan sa-kai ne, kuma akwai Bafulatanin da ko kusa da ofishinsa ba zai je ba, alhali ƙila shi ya fi kowa buƙatarsa.

4/ "Sadaka" kuwa tana ƙasƙantar da mai karɓa. Magidancin da ya shekara a gidan yari yana jiran shari'a ba bara yake yi ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi damar kare kansa, da bakinsa ko ta hannun lauyan da ya zaɓa. Kuɗin lauyan ne kawai babu.

5/ "Fisabilillahi" ta yi kusa, sai dai mun riga mun mai da ita kalmar roƙo da ƙorafi.

6/ Ni dai "gudummawa" na zaɓa. Ita ake kai wa gari in an kawo masa hari, ita ake kai wa mai biki, kuma Alhaji mai shanu ɗari yana karɓarta ba ya jin kunya. Marigayi Gani Fawehinmi, wanda ya rasu a 2009, ya yi shekaru yana tsaya wa ɗalibai da talakawa haka, har aka yi masa laƙabi da Babban Lauyan Talakawa tun kafin a ba shi SAN, wato matsayin Babban Lauyan Najeriya, a 2001. A ce ya kai musu gudummawa, ba wanda zai nemi ƙarin bayani.

7/ Wata Barista ta ce ai gudummawar biki ramawa ake yi. Gaskiyarki, Hajiya, amma ta gobara fa? Wa ya taɓa zuwa karɓar ramuwarta?

8/ Ku gwada a baki: "Barista ta karɓi shari'ar a gudummawa." "Ana neman lauyan gudummawa ga wani yaro a kotun majistare." Mutanen Birnin Kebbi da Zuru, ku faɗa mana ko ta zauna a kunnenku.