Me ya sa gajeren jirgi ya fi dogo shan mai?

Ɗan Yawuri:
Assalamu alaikum. Jiragen ruwa guda biyu ne a tafkin Kainji, kowanne da injin Yamaha mai doki 15, lodinsu kusan ɗaya. Ɗaya siriri ne, tsawonsa mita 9. Ɗayan mita 6 ne, mai faɗin ciki. Gajeren ya fi shan mai, kuma in an ƙure masa wuta sai ya ɗaga hanci, gudun bai ƙaru ba. Laifin inji ne ko na ƙira?

Masassaƙi:
Wa alaikumus salam. Ƙira ce, Malam. Abu biyu ke riƙe jirgi: gogar ruwa da katakon da ya nutse, sai igiyar ruwan da jirgin ke tayarwa da kansa. In ana tuƙi da filafili, gogar ce ta fi yawa. Da an sa inji, igiyar ce ke cin mai.

Hancin jirgi na tayar da igiya ɗaya, gindinsa na tayar da wata. Gudu na ƙaruwa, igiyar gaba na ƙara tsawo, har ta kai tsawon jirgin. Daga nan gindi ya faɗa kwari, hanci ya hau tudu, jirgin ya zama kamar mota a hawa. Mai mita 6 yana kai wannan gejin a wajen kilomita 11 a awa, mai mita 9 sai ya kai 13 da rabi. Tsawon da ke taɓa ruwa ake aunawa, ban da hancin da ya ɗage sama. Faɗin cikin ma ya ƙara masa aiki, don ruwan da zai ture gefe ya fi yawa.

Bakanike:
Gaskiyar Baba ce, amma a duba gindin jirgin. Idan allon da ake rataya inji ya nutse sosai, ruwa na murɗawa a bayansa yana jan jirgin baya. A mayar da jarkar mai da koma (ragar kamun kifi) da ƙanƙara tsakiya, har ƙasan allon ya zo dab da saman ruwa. Sannan farantin da ke saman farfela ya yi daidai da ƙasan jirgi. Inji mai gajeriyar ƙafa allon inci 15 yake so, mai doguwa inci 20. In aka rataya mai doguwa a gajeren allo, ƙafar ta nutse fiye da kima, ita ma ta zama birki.

Mai Koma:
Kada a tsuke jirgi don neman gudu a manta da jan koma. Siriri mai zagayayyen ciki yana da santsi a ruwa, amma mutum biyu suka jingina gefe ɗaya sai ya kife. Shi ya sa jirgin katako mai shimfiɗaɗɗen ƙasa bai rasa masoya ba, balle a ruwa mara zurfi irin na Tafkin Chadi. A can ma akwai wani geji: in zurfi mita 1 ne, da gudu ya doshi kilomita 11 gindi zai zauna, ko jirgin dogo ne.

Masassaƙi:
Haka ne. Mai gajeren ya rage wuta kaɗan, daidai inda hanci ya kwanta, zai ga man ya yi auki. Ya riƙa kife jirgin yana kankare gansakuka, ya daddale kawunan ƙusa, kwaltar da aka toshe tsaga da ita kuma a goge ta ta kwanta, kada a bar ta tudu-tudu.