Mai Almiski da Ɗan Kanzagi: Musayar Baitoci

Almajirin Zaure:
Assalamu alaikum. Ga baitoci kan abokin zama. Amsa-amon "ya" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake buɗe waƙata,
Mai sama da ƙasa, Sarkin gaskiya.

Salati ga Ɗaha, ɗan Amina,
Da alai, sahabbai, taurarin shiriya.

'Yan'uwa ku zo mu binciki zamanmu,
Da wa muke hira, da wa muke tafiya?

Abu Musal Ash'ari ya ruwaito,
Buhari da Muslim, babu jayayya:

Abokin kirki mai almiski ne,
Ko bai ba ka ba, ka sha ƙamshi a hanya.

Mugun aboki mai hura zuga-zugi ne,
Ko riga ta ƙone, ko wari ya bi ka baya.

A Abu Dawuda da Tirmizi an ce,
Mutum da amininsa addininsu ɗaya.

To dubi wanda kake kira amini,
Kafin ka buɗe masa ƙofar zuciya.

'Yar Gobir:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka kawo mai wari. Ni wanda ke hana ni barci ƙamshi yake yi.

Malam, hayaƙi ai hanci kan gane shi,
Ka ji shi daga nesa, ka kauce lafiya.

Wanda nake tsoro ɗan kanzagi ne,
Bakinsa zuma, cikinsa maɗaciya.

Ka yi tari, ya ce "ranka ya daɗe",
Ka yi wargi marar daɗi, ya fashe da dariya.

Ka danne gonar maraya yana kallo,
Ya ce "Alhaji adali, maganin tsiya!"

Ran da kujera ta kuɓuce maka,
Lambarka zai goge, ya bar ka da jinya.

Sahabi Miƙdadu ya ji wani na yabon Usmanu ɗan Affan,
Ya durƙusa kan gwiwa, bai tsaya tambaya,

Ya watsa tsakuwa a fuskar mai yabon,
Usmanu ya ce, "Me ya faru?" Ga amsa ɗaya:

"Manzo ya ce in kun ga masu zuba yabo,
Ku watsa musu ƙasa." Muslim ya kawo riwaya.

Tsohon Bafade:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, amma a yi mana adalci. A fada furfurata ta fito, ba zan ji a haɗa mu a kwando ɗaya in yi shiru ba.

'Yata, ba kowane yabo ne fadanci ba,
Yabon gwani dole ne, haka muka ji tun kaka da iya.

Hassanu ɗan Sabitu an kafa masa mumbari,
A cikin masallaci, yana kare Manzo da murya.

Ka'abu ɗan Zuhairu ya zo da ƙasidarsa,
Ya koma da aminci, da mayafi hadiyya.

Na ga dogarai sun baza manyan riguna,
Sun kare sarki yana gyara rawani a wuya.

A bayan rigunan nan na ga dattijo,
Ya sunkuya kunnen sarki ba tsoro ko kunya,

Ya ce "Zaki, hukuncin jiya da gyara,
Mai ƙara ya fita da kuka, kuma shi ke da gaskiya."

Wannan ma bafade ne, ku sa shi a lissafi,
Bai ci amanar gishiri ba, bai sayar da biyayya.

Kuma laifin kanzagi ba nasa kaɗai ba ne,
Wa ke liƙa masa kuɗi in ya shirga ƙarya?

Babban da ke tsuke fuska in an gyara masa,
Shi ya kori masu nasiha, ya tara 'yan riya.

Malamar Islamiyya:
Baba, baitinka na ƙarshe shi ne maganar. Bari in sa ma'auni tsakaninka da ƙanwata, don hadisin ya zo da iyaka.

Baba ka faɗi daidai, ƙanwata ba ki kauce ba,
Abu Bakrata ya kawo mana ma'aunin shiriya.

Wani ya yabi wani a gaban Manzon Allah,
Ya ce "Kaitonka, ka yanke wa abokinka wuya!"

Ya maimaita, sannan ya nuna yadda za a ce:
"Ina zaton wane kaza ne, Allah ne masanin niyya."

Sharaɗin kuma ka san hakan a gare shi,
Ba ka tsarkake kowa ga Allah da fariya.

Buhari ya kawo: duk wanda aka ba mulki,
Mashawarta biyu ke gare shi a kan karaga ɗaya,

Ɗaya na tura shi ga alheri, ɗaya ga sharri,
Wanda Allah ya tsare, shi ya tsira lafiya.

Ba sarki kaɗai ba, har maigida da uwargida,
Har malami da ɗalibai masu sumbatar hannu don soyayya.

'Yar Gobir:
Na karɓa, Yaya. Baba, ga na ƙasarmu, wajen 1788, a Magami.

Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ran Babbar Salla,
Ya raba musu kyauta, ya zuba dukiya.

Shehu ɗan Fodiyo ya ce ba ya bukatarta,
Abu biyar ya roƙa a madadin zinariya:

A bar shi ya yi wa'azi, kar a hana mai amsawa,
A girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku su tafi gida da iya,

A sassauta wa talaka nauyin haraji.
Bawa ya amince, ga malami a fada ba kanzagi ko ɗaya.

Ɗan Sakandare:
Iyayena, ni ƙarami ne a nan, a yi haƙuri da baitina. Tambaya ce da gaske.

Ina da aboki tun muna makarantar allo,
Ya daina salla, ya kama wata hanya.

Na karanta Furƙan, mai cizon hannu yana cewa,
"Da ma ban riƙi wane amini ba a duniya."

In na guje shi, wa zai tuna masa Allah?
In na zauna, ina tsoron kanwa ta ba ni furfura tun ban kai ba, Yaya.

Almajirin Zaure:
Ɗana, ka zo da mai nauyi.

Ka je gidansu da rana, kai da shi kaɗai,
Majalisarsu ta dare kuwa, ka ba ta baya.

Kar ka yi dariya in ya yi wa salla izgili,
In an kira, ka miƙe, ka ce "taso mu je tare, ɗan iya."

Baba Bafade, kai ka ga yadda ake sunkuyawa a kunnen babba. Koya wa yaron nan kalmar da zai fara da ita. Baiti na gaba naka ne.