Wane inji da hannuwa zan saya wa agogon bango na katako?

Ɗan Kafinta: Assalamu alaikum. Ina son haɗa agogon bango a kan katako mai kaurin milimita 18, faɗin fuskarsa santimita 40. Injinan batir sun yi yawa a kasuwa, duk kamarsu ɗaya. Me zan duba kafin in saya, kuma wane tsawon hannu ne zai dace?

Mai Gyaran Agogo: Wa alaikumus salam. Fara da wuyan injin, wato gaɓar da noti ke hawa. Dole ta fi kaurin katakonka da kamar milimita 3, don wosha da noti su sami wurin kamawa. Kai ke nan kana neman milimita 21 zuwa sama, irinsa kuwa ba ko'ina ake samu ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka fafe bayan katakon daidai zaman injin, akasarinsu milimita 56 ne kowane gefe, ka bar kaurin milimita 5 ko 6, sai inji mai gajeren wuya ya shiga. Hudar tsakiya milimita 8 ta isa ga yawancinsu, amma auna naka kafin ka huda.

Sai ƙarfi. Ana auna hannu daga tsakiyar hudarsa zuwa tsini. Fuskarka tana son hannun minti na santimita 15 ko 16, na awa kuma kamar kashi biyu cikin uku na wannan. Inji na gama-gari bai cika jan hannun da ya wuce santimita 12 ko 13 ba. In ka ɗora masa, zai yi ta tafiya lafiya daga 12 zuwa 6, da hannun ya fara hawa wajen 8 da 9 sai ya dinga jinkiri ko ya tsaya cak, ka yi ta zargin batir a banza. Nemi mai ƙarfin juyi wanda aka yi don dogayen hannuwa, ka zaɓi hannun alminiyom mara nauyi.

Hajiya Mai Ƙawa: Ƙari a kan bayanin Malam: ka sayi inji da hannuwansa tare. Hudojin ba ɗaya ba ne. Hudar wani hannun awa milimita 5 ce, ta wani 5.5, akwai kuma hannun mintin da hudarsa ba zagaye ba ce, ƙaramin noti ke riƙe shi. Wanda ya yi sako-sako zai riƙa zamewa, wanda aka tura da ƙarfi kuma yana fasa robar sandar da hannuwan ke hawa. In a ɗakin kwana za a rataye shi, ɗauki inji mai tafiya shiru, sai dai ya fi mai ƙas-ƙas cin batir.

Mai Gyaran Agogo: Haka ne, Hajiya. Wajen ɗaurawa: woshar roba a baya, ta ƙarfe a gaba, noti kuma kada a matse shi da yawa, yana danne haƙoran ciki. Sa hannun awa a kan 12, sannan na minti shi ma a kan 12, na sakan a ƙarshe. Juya ɗan maɓallin baya har hannun minti ya yi cikakken zagaye, kana leƙawa ta gefe ko wani yana gogar wani. Batir AA mai bolt 1.5 za ka sa, ba mai caji ba, don shi 1.2 yake bayarwa. In ba za ka rufe fuskar da gilashi ba, kada ka sa hannun sakan ko kaɗan, don iskar fanka da ƙurar hunturu shi suke fara tsayarwa.