Abin da na tsinta a hirarmu kan ciwon fitsari

Jiya mun daɗe muna hira da wasu nas-nas da wani mai aikin lab, ga abin da na riƙe. Da farko ba duk zafin fitsari ba ne ciwon mafitsara, mu komai sai mu ce sanyi ne, alhali wani ƙaiƙayin gaba ne, wani kuma in jini na biyo ƙarshen fitsari yana iya zama tsargiya ce, musamman yaran da ke wanka a rafi.

Sun ce a kai fitsari gwajin kalcha (gwajin da ake gano ƙwayar cutar da maganin da take ji) kafin a sha ko ƙwayar magani ɗaya, don in ka riga ka afa Cipro ko Septrin daga kemis sakamakon zai iya fitowa ba komai, ga shi ƙwayar cutar E. coli da ta fi kawo ciwon mafitsara ta fara daina jin waɗannan magungunan. A wanke gaba, a bar fitsarin farko ya zuba, a tari na tsakiya a kwalbar lab, ba robar ruwa ba don Allah, a kai cikin awa 2. Sakamako kwana 2 zuwa 3.

Mai ciki kuwa, ko mai zazzaɓi da ciwon kwiɓi, kada ta zauna jira, asibiti kawai.